Don Allah wanda ya san harkar jirgin ruwan yawon buɗe ido ya taimaka, an raba mana ɗakuna kuma ba sunan jaririyata

Maman Hanif, Tumfure

Salamu alaikum jama'a. A yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya da daddare kaina ke sarawa. Abban su Hanif yana zuwa Dubai saro kaya, kullum ya dawo sai ya cika yara da labarin manyan jiragen ruwan nan da ke tsayawa a tashar Rashid, wai kowanne kamar unguwa guda ne a kan ruwa, har yaran suka ɗora masa rigima. To bana Allah ya hore ya ce hutun Disamba za mu je gaba ɗaya, kwana 7 a ruwa, a tashi daga Dubai a bi ta Abu Dabi da Doha a dawo.

Mu bakwai ne. Ni da shi, Hanif shekara 9, Khairat 6, Walid 3, sai Nana da ke wata 10 yanzu, da ƙanwata mai shekara 17 da za ta taya ni da yaran. Wani ejan ya ba kuɗin, wanda ya saba yi masa biza da tikitin jirgin sama, kuma a gabana a waya ya ce masa ɗaki biyu muke so manne da juna masu ƙofa a tsakani saboda ƙananan yara, ejan ya ce an gama Alhaji. Wannan tun watan Agusta.

Jiya ya turo takarda ta WhatsApp. Ɗaki ɗaya a hawa na 9, ɗayan a hawa na 12. Na farkon an rubuta Abban Hanif da Hanif da Khairat da ƙanwata, ku ji fa, mijina da ƙanwata ɗaki ɗaya. Na biyun ni da Walid. Nana kuwa sunanta babu ko'ina, na duba sama na duba ƙasa. Da aka kira shi sai cewa ya yi wai takarda ce kawai in mun shiga mu sake rabo yadda muke so, jaririya kuma ai a hannu take ba ta buƙatar komai. Abban Hanif ya yarda da shi don sun daɗe tare, ni ce zuciyata ta ƙi kwanciya. Saura sati uku da kwana biyu. Gaskiya ejan ɗin nan yake faɗa ko kuwa?

Dan Wunti

Hajiya da Yankari kuka zo kuka shiga ruwan Wikki da duk wannan bata taso ba wlh, ba ejan ba biza, ga gwaggon biri kyauta yana dauke muku burodi. Allah ya warware.

Hamma Sale

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Zuciyarki ta fi ejan ɗinku gaskiya. Na yi shekaru ina zaman ofishin sayar da tikiti kafin in koma harkar hatsi, kuma ire-iren wannan sun sha biyowa ta teburina, don haka bari in fara da wanda ya fi hatsari.

Maganar Nana. A tashar mota yaron da ke cinya ba a kirga shi, kwandasta ko kallonsa ba ya yi, a jirgin sama ma jariri na zama a cinyar uwa amma ko can sai da sunansa a tikiti. Jirgin ruwa ya fi su tsanani, kai ake kirgawa, jaririn wata shida da ƙaton mai shekara 50 duk mutum ɗaya-ɗaya ne a lissafinsu. Dalili shi ne kwale-kwalen ceto. Kowane jirgi akwai iya adadin mutanen da takardarsa ta yarda ya ɗauka gwargwadon kayan ceton da ke jikinsa, dokar duniya ce da ake kira SOLAS, asalinta tun bayan nutsewar Titanic a 1912 da mutum sama da 1,500 suka mutu, jirgi mai mutum fiye da 2,200 amma kwale-kwale 20 kacal. Saboda haka wanda babu sunansa a jerin fasinjoji ba zai taka jirgin ba, ko da kuwa a zani aka goyo shi. Za ki tsaya a bakin tasha da akwatuna, ma'aikaciya ta yi miki murmushi ta ce ki yi haƙuri, shikenan, kuma kuɗinku ya tafi don a wurinsu ku ne ba ku cika sharaɗi ba. Sa'ar da kika yi Nana ta wuce wata 6, yawancin kamfanoni ƙasa da haka ba sa ɗauka sam, masu tsallaka babban teku ma sai shekara guda.

Sannan ki lura, ɗakin da aka sa ki da Walid ina kyautata zaton na mutum biyu ne. In haka ne ko ejan ya so ƙara Nana kwamfuta ba za ta karɓa ba. Ina jin abin da ya faru kenan, ya gwada ta ƙi, maimakon ya kira Alhaji ya ce sai an ƙara kuɗi a ɗauki babban ɗaki sai ya share yarinyar ya yi shiru.

Rabuwar ɗakunan kuma, duba takardar da kyau, a ta farko da ya ba ku a Agusta akwai lambar ɗaki ko babu? Akwai wani tsari mai araha da suke ce wa garanti, kai dai ka biya nau'in ɗakin, su za su zaɓa maka lamba daga baya in tafiya ta kusa, duk inda ya rage nan za su jefa ka. Ga mata da miji su biyu ba laifi, har wani lokaci a dace da wanda ya fi wanda aka biya. Amma mai iyali da ya sayi garanti biyu ya sayi caca, don ba su yi alkawarin haɗa su ba, ɗaya na iya faɗawa goshin jirgi ɗaya can wutsiya, kuma jiragen nan tsawonsu ya kan haura mita 300, filin ƙwallo uku kenan a jere.

Maman Hanif, Tumfure

Innalillahi. Hamma Sale na duba yanzu, ta Agustan babu lamba, inda ya kamata a sa lambar wasu haruffa uku ne kawai, ni na ɗauka sunan hawan ne. Kuma kuɗin masu ƙofa a tsakani ya karɓa fa, ina da saƙon da ya faɗi farashin. To amma me ya sa zai haɗa mijina da ƙanwata, wannan ya fi ƙona min rai, shi ba Bahaushe ba ne da zai ce bai san ba a yi ba?

Hamma Sale

Wannan kam ba mugunta ba ce, ragwanta ce. Ƙa'idarsu kowane ɗaki sai da babba a ciki, wasu kamfanonin daga shekara 18 suke ɗaukar mutum babba, wasu sai 21, ƙanwarki ko ta wanne aka bi yarinya ce a wurinsu. Da ya rubuta ta ita da Hanif da Khairat su kaɗai sistem zai tofar, shi ne ya raba ki da Alhaji, babba nan babba can, ya cusa sauran duk inda gurbi ya samu. Wasu kamfanonin na yarda yara su kwana su kaɗai in ɗakin na manne da na iyaye, amma naku hawa uku ne a tsakani.

Ga lissafin da nake ganin zai fi sauƙi. Ɗakin hawa na 9 mai cin mutum huɗu ne tunda huɗu aka rubuta. Ke da ƙanwarki da Khairat da Nana ku koma can, huɗu cif. Alhaji da Hanif da Walid su uku, su ne ke buƙatar a canza musu na hawa na 12 da wani mai gado uku a kusa da ku. Kin ga ɗaki ɗaya kawai za a taɓa ba biyu ba, maza gefe mata gefe kamar masaukin alhazai a Mina, maganar muharrami ta mutu, maganar babba a kowane ɗaki ta mutu. Kar ki nace kan mai ƙofa a tsakani yanzu, waɗannan 'yan kaɗan ne a kowane jirgi kuma na hutun Disamba tun watanni ake kwashe su.

Abu ɗaya da zai iya kawo cikas, wani lokaci gadon na nan a ɗakin amma su ce ba za su ƙara mutum ba saboda ɓangaren ya cika kai a lissafin ceto, kuma lokacin hutun makaranta aka fi samun haka don kowa da 'ya'yansa yake zuwa. Shi ya sa yau za a kira ba gobe ba.

Ummu Sultan, Fadaman Mada

Adda sannu, wlh na san wannan ciwon kan. Mu bara waccan muka yi namu daga Durban zuwa gaɓar Mozambik, lokacin maigida na aiki a Afirka ta Kudu, da yara uku. Namu kuskuren daban ne kuma mu muka jawo, mun ga lamba biyu a jere, ɗaya ta ƙare da 4 ɗaya da 5, muka ce alhamdulillah maƙwabta ne. Ashe a jiragen da yawa lambobin da suka rabu biyu daidai suna gefe guda ne, masu mara suna ɗaya gefen, kamar yadda ake yi wa gidaje a layi. Muna shiga muka tarar nawa na dama nasa na hagu, sai ka fita ka bi wani dogon lungu ka zaga ta wajen lifta kafin ka iso. Daren farko ƙaramin ya tashi da amai ƙarfe biyu, maganin yana jakar babansa, wayar hannu ba sabis a tsakiyar ruwa, lambar da ake bugawa daga ɗaki zuwa ɗaki ban ma san da ita ba sai washegari, haka na saɓa shi a kafaɗa na bar 'yar uwarsa tana barci ita kaɗai na fita da hijabi a kan kayan barci ina ƙirga ƙofofi kuma duk iri ɗaya ne. Don haka in sun ba ku sabuwar lamba kar ki yarda da lamba kawai, ki shiga shafin kamfanin akwai taswirar kowane hawa, ki sa yatsa a kan ɗakunan biyu ki gani da idonki.

Sannan kar a ruɗe ki da kalma. Maƙwabtan ɗaki daban, masu ƙofa a tsakani daban, a taswirar za ki ga wata 'yar alama kamar kibiya tsakanin masu ƙofar. Ejan da yawa su kansu ba su san bambancin ba.

Maganar wai ku shiga ku sake rabo, eh mutane na yi, za ki iya zuwa teburin baƙi su ba ki ƙarin katin buɗe ƙofa. Amma akwai abin da ba ya canzawa, kowane ɗaki da wurin taruwarsa na gaggawa, an buga shi a jikin katin kowa, yara ƙanana kuma ana ɗaura musu wani abu a hannu kamar agogo mai ɗauke da harafin wurin. Kafin jirgi ya tashi dole kowa ya je nasa wurin a duba shi, tun bayan hatsarin Costa Concordia a Italiya a Janairun 2012 da mutum 32 suka rasu aka tsaurara wannan, don a cikin fasinjojin akwai waɗanda suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su nufa ba. To a ce Allah ya kiyaye wani abu ya faru, Khairat da ke hawa na 9 a takarda wani wurin za a kai ta, ke ta hawa na 12 wani wurin, ma'aikata abin da ke hannun yaro suke bi ba kukan uwa ba. Ni wannan kaɗai ya ishe ni in ce a gyara a takarda.

Ɗakin mutum huɗun ma ki shirya zuciyarki, ba gado huɗu ba ne a ƙasa. Biyu a ƙasa, sauran ko kujera ce da ake buɗewa ko wasu da ake sauko da su daga bango ko silin da tsani, ɗakin gaba ɗaya bai kai falon gidan haya ba. Gadon jariri suna bayarwa amma sai an nema tun kafin a zo don ba su da yawa, in an kafa shi kuma da kyar za ki samu wurin shimfiɗa sallaya, mu sai mun naɗe shi muke sallah. Ki ɗebi famfas da madara fiye da lissafinki, na shagon cikin jirgi in ma akwai tsada kamar me. Kuma yaron da ke sa famfas ba a barinsa shiga wurin iyo, wurin wasan da ake barin yara kuma yawanci daga shekara 3 ne kuma sai wanda ya iya zuwa bayi da kansa, ki fara yi wa Walid horo tun yanzu hhh.

Abu Ammar

Ni fa ina ganin an yi wa ejan din nan taron dangi. Mutanenmu ku ce a nemo muku mafi arha, in an nemo kuma ku ce ba haka ba. Sannan sunayenmu ma matsala ne, uba Usman Bello, yara su Hanif Usman, uwa na amsa sunan babanta, kanwa haka, wanda ke zaune a ofishin kamfani a Turai ta ina zai san gida daya ne? Mutum bakwai suna uku.

Hamma Sale

Abu Ammar rabin maganarka gaskiya ce, ta sunaye. Su can sun saba iyali suna ɗaya, mu kuma ɗa sunan ubansa yake ɗauka ba na kakansa ba, don haka kwamfuta ba ta ganin alaƙa. Amma ai maganin wannan a hannun ejan yake, akwai yadda ake ɗaure lambobin rajista biyu a nuna tafiyarsu ɗaya, minti biyu ne, shi ke sa ko teburin cin abincin dare a haɗa su. Bai yi ba. Kuma ba arha aka ce ya nemo ba, kuɗin mai ƙofa ya karɓa ya sayi garanti, ragowar tana ina? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Maman Hanif tunda an taɓo sunaye, ki ɗauko fasfo bakwai ɗin ki zauna ki gwada harafi da harafi da abin da ke takardar, Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurinsu. Ki duba ranar haihuwa ma, wasu shafukan tsarin Amurka suke bi, wata kafin rana, sai 11 ga watan 3 ya koma 3 ga watan 11, ga jariri wannan na iya maida shi ƙasa da wata shida a takarda. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Ki riƙe takardun haihuwar yaran na hukumar ƙidaya. Ƙanwarki kuma tunda ba 'yarku ba ce kuma ba ta kai 18 ba, a karɓo takardar amincewar iyaye da hatimin kotu ko lauya. Bizar Dubai a tabbatar mai shiga fiye da sau ɗaya ce, don in jirgi ya je Doha ya dawo kun fita ƙasar kun sake shiga kenan, kuma a tambayi kamfanin a rubuce me mai koren fasfo ke buƙata kafin ya sauka a Katar. In ejan ya iya mance jaririya zai iya mance wannan.

Goggon Yara

Ni abin da ya dame ni baranda. In ɗakin mai baranda ne a kan ruwa, da yaro ɗan shekara 3 mai hawa kujera, wlh ko kyauta aka ba ni ba na so. Ku karɓi na ciki marar taga ku yi barci da ido biyu rufe. Kuma Maman Hanif ki daina bari maza su kaɗai su yi irin wannan cinikin, su ba su san wa ke tashi da dare ba.

Ummu Sultan, Fadaman Mada

Goggo ƙofar barandar tana da makulli a sama inda yaro ba ya kaiwa, kuma shingen ya kai ƙirjin babba, amma na yarda da ke, mu ma kujerun muka sa aka kwashe. Na cikin matsalarsa ɗaya, duhu ƙirin ba ka sanin gari ya waye, sai da alam muke tashi asuba, alƙibla kuma tana juyawa da jirgi, yau nan gobe can.

Maman Hanif, Tumfure

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na karanta wa Abban Hanif amsoshinku ɗaya bayan ɗaya, da farko yana ta ai mutumina ne, da na zo kan maganar za a tsaida Nana a bakin tasha sai ya yi shiru ya ɗauki waya. Kamfanin da muka kira da kanmu suka ce tunda ta hannun ejan aka saya shi kaɗai zai iya canzawa, amma sun tabbatar mana Nana ba ta ciki kuma ɗakina na mutum biyu ne, yadda Hamma Sale ya faɗa tiryan-tiryan. Sai Abban Hanif ya sa ejan ya kira su muna kan layi mu uku muna ji, nan bakinsa ya mutu.

An yi yadda Hamma ya tsara. Mu mata muna hawa na 9, an samo wa maza mai gado uku a hawan, gefe ɗaya, na duba taswira ƙofa biyar ce tsakaninmu, harafin wurin taruwa ma ɗaya. Nasu marar taga ne, Goggon Yara kin ji daɗi. An biya na Nana da cikon canjin ɗaki, ejan ya ce zai ɗauki rabi daga ragowar da ke hannunsa, har yanzu dai alat bai shigo ba. Sabuwar takardar ta imel ta zo daga kamfanin kai tsaye, suna bakwai na ƙirga sau uku. Kuma an kama wani, an rubuta Khairat da y, fasfonta da i, an gyara. Biza ce ta rage, ya ce mai shiga da yawa ce, na ce sai na gani da idona.

Yanzu sabuwar rigimar a gida take. Walid bai taɓa kwana ba tare da ni ba, ya ji an ce ɗakin Abba zai kwana tun la'asar yake kuka, Hanif da Khairat kuma suna faɗa kan gadon sama alhali ba ma ɗakinsu ɗaya ba. Ummu Sultan gadon saman nan yana da abin tarewa a gefe? Khairat birgima take kamar an jefa ta.

Ummu Sultan, Fadaman Mada

Yana da shi amma gajere ne, rabin gadon kawai yake tarewa, ki tambayi mai gyaran ɗaki ko akwai ƙari. Ni dai ƙanwarki zan ɗora a sama in bar Khairat a ƙasa. Walid kuma ku fara gwaji daga yau, ya kwana wajen Abbansa a gida, sati ukun nan ya isa ku gane wanda zai fara gudowa tsakanin shi da Alhaji.